Zaren Inna Ya Ƙetare Iyaka

Tun da na dawo daga kudu ban huta da tambaya ba. A bakin rijiya tambaya, a kasuwar Gidan Amumune tambaya, a rumfar karatun manya kuwa abin ya fi ƙarfina. "Habu, da gaske ka shiga makarantar Kirista? Mi suke karantawa? Sun ba ka naman alade?" Na gaya wa wannan, na gaya wa wancan, har labarin ya fara dawo mini da ƙafafun da ba ni na sa masa ba. Sai mushenmu, wato malamin karatun, ya ce, "Tun da ka iya riƙe bik, rubuta shi sau ɗaya ka huta." To ga shi. Hannuna ya fi sabawa da hauya, wanda ya ga harafi ya karkace ya yi mini haƙuri.

Mu biyu muka rayu cikin 'ya'yan Inna, ni da ƙanena Sale. Ni manomi ne, shi masaƙi. A babban fari na farko, wanda soja suka hau mulki a cikinsa, Sale ya tafi ci-rani Najeriya. Ciwo ya kwantar da shi, wasu Kiristoci suka yi jinyarsa, daga baya muka ji ya bi addininsu, ya kuma yi aure cikinsu. Ba zan ce abin bai yi mana zafi ba. Amma Baffa Tanko, ƙanen mahaifinmu, ya fi kowa ɗaukar zafi. Bai shawarci kowa ba ya aika wani ɗan ci-rani da saƙo, wai Inna ta ce ba ta da ɗa mai suna Sale, kada ƙafarsa ta sake taka gidanta. Inna ba ta faɗa ba, ba ta ma san an faɗa ba. Ta yi shekaru tana zaton ɗanta ya yar da ita, shi kuma can yana zaton ita ta yar da shi. Sai da fari na biyu ya sake watsa mutane, ɗan ci-ranin nan ya dawo gida, ya zo gaishe ta, magana ta fito.

Inna ba ta yi faɗa ba. Idonta ya riga ya tafi, amma hannunta bai daina kaɗi ba, don ta daɗe tana tara zaren likkafaninta kamar yadda tsofaffin garinmu ke yi. Washegari ta kira ni. Ni ne ɗanta na farko, ba ta kama sunana.

"Kai wannan, zo."

Na durƙusa. Ta laluba taskira ta ciro dunƙulen zare guda, ta sa mini a hannu.

"Zaren likkafanina ya cika. Ba masaƙin da zai taɓa shi sai Sale. Kai mishi wannan, ka ce ban faɗa ba."

"Inna, bari in sa maganar a takarda, ai yanzu na iya."

"Takarda ta san muryata? Da Baffanku ya iya rubutu, ai da takarda zai aika ƙaryar. Kai mishi zare."

Na naɗe dunƙulen a tsumma, na sa cikin burgame, na kama hanya.

Ranar kasuwa na samu kamiyo, babbar motar da ta kawo jar dawar taimako, zai koma ba kaya. Muka cika bayansa, mu da awaki ramammu da wata tsohuwa mai daddawa wadda ta zagi direba tun daga Gidan Amumune har Mayahi ba ta maimaita zagi ɗaya ba. Rairayi ya riƙe mu a hanya, muka sauka turi. Tsohuwa ta ƙi sauka, ta ce ita ta biya kuɗin zama, ba ta biya na turi ba. Muka tura kamiyo har da ita, tana sama tana ba mu umurni. A shingen jandarma aka ce kowa ya fito da takardar lanho, wato haraji. Ni da na iya karatu na ware tawa daga sauran takardu da kaina, abin da ban taɓa yi ba. Jandarman bai ko kalle ni ba, amma ni na ji daɗi.

A Tasawa na sauka zauren wani mutumin garinmu mai gyaran keke. Garin ya cika da mutanen arewa waɗanda dabbobinsu suka ƙare, sun kafa bukkoki a bayan gari. Mai masaukina ya kawo tuwon jar dawar nan, yana ba ni haƙuri. Na ce ai ita muke ci a gida, mun san juna. Da ya ji inda na nufa sai ya girgiza kai.

"Sojan Najeriya sun rufe iyaka. In ka bi ta babbar hanya, da ƙeya za ka dawo. Tafi Hawandawaki, ka tambayi Buba Bafillace."

Amalanken jaki ya kai ni Hawandawaki. Jakin dattijo ne, ya san darajar kansa, ba ya sauri don kowa. Na samu Buba a gindin gawo yana gyaran takalmi. Dogon mutum ne, shekarunmu za su zo ɗaya. Shanunsa duk sun faɗi a wannan fari, saura saniya guda da ya ba wani ajiya a kudu. Yanzu ƙetarar da mutane yake yi ta tsofaffin burtalin da ya sani.

"A da shanu nake ƙetarewa da su," in ji shi, "yanzu Haɓe. Shanu sun fi jin magana."

"Amma shanu ba su biyan ka."

"Su kuma ba su ciniki."

Muka tashi da safe. Yana gaba, sanda bisa kafaɗu, hannaye rataye a kanta. Lokaci lokaci sai in ji yana kiran sunayen shanu a hankali, ya waiga, ya ga ni ne kaɗai a bayansa, ya ci gaba da tafiya. Na yi kamar ban ji ba.

Ku da kuke tambayata yadda iyaka take, babu bango, babu ƙofa. Gona ce ta ƙare, wata gona ta fara, karan gero iri ɗaya a bushe. Buba ya ce mun shiga, na duba ƙasa ban ga abin da ya canza ba. Amma rabonmu ne mu gamu da soja. Yana zaune a inuwar tsamiya, saurayi, daga ganin sa mutumin can ƙasan kudu ne, Hausarsa guntu guntu. A lokacin an canza kuɗin Najeriya, ana farautar masu shigo da tsofaffin takardu a ɓoye. Ya zazzage burgamena. Da ya ga dunƙulen zare ya matsa shi, ya kai kunne, ya ce akwai kuɗi ciki. Na rantse, bai yarda ba. Ya kama bakin zaren ya jefar da dunƙulen, ya yi ta gangarawa cikin ƙarangiya yana warwarewa. Zaren ya maƙale a ƙaya, ya ja, ya tsinke. A tsakiya ba abin da ya samu sai guntun kara da Inna ta fara naɗi a kai.

Buba ya buɗe baki zai yi magana, na taka masa ƙafa. Na ce wa sojan, "Na likkafanin uwata ne. Ita ta kaɗa." Bai gane likkafani ba. Na kwatanta masa da hannu, na nuna naɗewa. Sai ya gane. Ya jingine bindiga a tsamiya, ya tsuguna ya miƙo hannaye biyu, na yi ta naɗa zaren a kansu, daga nan na mayar dunƙule. Inda ya tsinke na ƙulla da irin ƙullin da na iya, na ɗaurin dami. Da muka gama ya ce, "Mama, sannu," yana nuna arewa. Ya sallame mu.

Buba ya raka ni har inda ake samun mota, ya juya neman saniyarsa. Motocin can ba su jiran kowa, yaran mota suna kiran gari kamar suna faɗa da shi. Suna jin bakina suka ce, "Ga ɗan Faransa," haka suke kiran mu 'yan Nijar. Na ci garin kwaki da ƙuli, ya kumbura mini a ciki har na daina jin yunwa da ƙarfin tsiya. Ina ta yin kudu, ƙasa tana ta yin duhu, itatuwa suna yawa, har na isa ƙauyen da aka kwatanta mini, inda makarantar da Sale ke karatu take.

Wata mace na fara gani tana sussuka. Na yi sallama, na faɗi sunana. Ta saki taɓarya ta durƙusa har ƙasa.

"Yaya Habu! Kullum sai ya ambace ka."

Ladi ke nan, matar Sale. Ta kawo ruwa, ta kawo tuwon masara da miyar kaza. Ta ga na tsaya ina duban naman, sai ta yi murmushi. "Ci, Yaya. Maƙwabcinmu Musulmi na kai wa ya yanka." Ta kuma share mini gefen rumbu, ta nuna mini gabas, ta ajiye buta. Masu tambayar naman alade, amsarku ke nan.

Sale ya shigo da littafi a hammata. Furfura ta fara masa, ni da na goya shi. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo wadda ba ta taɓa komai. Sannan na isar da saƙo kamar yadda aka ba ni: Inna ta ce ba ta faɗa ba, ka zo. Ya ajiye littafin.

"Yaya, saƙo ya zo mini da sunan Inna, na yi kukana na haƙura. Yau ga wani da sunanta. Wanne zan ɗauka? Na san ka da tausayi. Kana iya shirya wannan don ka haɗa mu, in je ta juya mini baya gaban mutane. Na jure daga nesa, ba zan jure a tsakar gida ba."

Maganar ta soke ni, amma ban ga laifinsa ba. Na so in ciro zaren, sai na tuna yadda yake, duk ƙarangiya da ƙasa. Kunya ta hana ni miƙa masa kayan Inna a haka. Na ce a raina, bari in tsince shi tukuna. Da sassafe na zauna bayan rumbu ina cire ƙaya ɗaya ɗaya, ban gama ba aka buga ƙarfen makaranta. Sale ya leƙo ya ce in ina so in zo in ga karatunsu.

Ɗaki ne na laka da rufin kwano, da bencina. Ɗaliban duk magidanta ne irinmu, manoma, wasu da matansu a gefe. Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa, aka yi dariya, amma ba ta wulaƙanci ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda suke da littafinsu mai tsarki. Mu ba mu taɓa namu sai da alwala, ba mu ɗora komai a kansa. Su kowa da nasa, da Hausa, suna ja masa layi da bik, suna rubutu a gefen shafi. Da farko na ɗauka raini ne. Sai na ga wani tsoho ya ɗinka wa nasa riga ta fata, yana shafa shi kamar kan jika. Na ce ashe kowa da irin girmamawarsa.

Malaminsu, Malam Gambo, gajere ne mai fara'a. Ya ce, "Muna da baƙo daga Nijar, a yi karatu da kyau kada a ba mu kunya a ƙasar waje." Ya ɗauki alli ya fara rubutu a allo, ni kuma ina bi a hankali, harafi harafi. Darasin ranar kalmomi ne da ake bukata in za a yi maganar inda littafin ya fito.

Ya rubuta wahayi, wannan na san shi daga gida. Ya rubuta hurarre, ya ce a wurinsu Allah ne ya hura wa mutane abin da za su rubuta, amma kowane marubuci da muryarsa da irin kalmominsa, makiyayi ya yi maganar makiyaya, likita ya yi ta likitoci. Ya ce littafin kashi biyu ne, Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, kuma ba mutum ɗaya ya rubuta ba, ba a zamani ɗaya ba. Ya rubuta ma'auni, ya ce sandar awo ce da mutanen farko suka gwada rubuce-rubuce da ita kafin su karɓa: wa ya kawo wannan, ya ga abin da idonsa ko ya ji daga wanda ya gani, ya yi daidai da abin da aka riga aka sani, jama'a a wurare da yawa sun karɓe shi? Wanda ya cika awo shi ke da iko, wato in ya ce a yi, sai a yi. Na tuna limaminmu in zai kawo magana yakan ce wane ya ji daga wane. Na ga hanyar ba ɗaya ba ce, amma damuwar ɗaya ce, kada a sa wa mai magana abin da bai faɗa ba.

Sannan ya rubuta asali, kwafi, fassara. Ya ce asalin da marubutan suka riƙe da hannunsu ya daɗe da ruɓewa, abin da ya rage kwafi ne na kwafi, da hannu aka yi ta juyawa, daga baya aka fassara. Mai kwafi mutum ne, yakan yi gyangyaɗi ya tsallake layi, yakan ƙara kalma. Masana sukan jera kwafi da yawa su gane inda hannun mai kwafi ya shiga.

Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba. "Gafarta malam, to duk kun san sunan wanda ya rubuta kowanne?"

"A'a, Malam Habu. Akwai wanda har yau ba mu sani ba. Ana duba irin maganarsa, a ce ya yi kama da wane ko bai yi ba. Inda ba mu sani ba mukan ce ba mu sani ba."

Ban bar addinina a ɗakin nan ba, ban kuma je don gardama ba. Amma mutumin da zai tsaya gaban ɗalibansa ya ce bai sani ba, na girmama shi.

Bayan azahar na ƙarasa tsintar ƙarangiya. Na samu Sale a gindin mangwaro, na ajiye dunƙulen a cinyarsa. Ya dube shi. Ya kama bakin zaren ya ja shi tsakanin yatsa da babban yatsa, kamar yadda masaƙa ke yi in mata sun kawo musu zare. Masaƙin garinmu yakan san zaren kowace mace ko da a duhu, wannan tana murzawa da ƙarfi, waccan tana sakewa. Ya ja kamu ɗaya, ya ja biyu.

"Murzar Inna ce."

Ya ci gaba da ja har ya iso ƙullin. Ya tsaya.

"Wannan ba nata ba ne. Inna ba ta ƙulli, murzawa take ta haɗe. Wannan ɗaurin dami ne."

"Nawa ne. Soja ya tsinka a iyaka."

"Mai kwafi," in ji shi, ya yi dariya da hawaye a ido. Ya ƙara ja, dariyar ta ɗauke. Ya koma baya ya sake bin wurin. "Yaya, nan ya yi kauri, nan ya sirance, ga ɗan ƙwaryar auduga ta bari a ciki. Inna ba ta barin wannan. Ba ta gani?"

Da ma ban gaya masa ba, na so sai mun kama hanya. Na ce, "Tun damina biyu da suka wuce. Na likkafaninta ne. Ta ce ba mai saƙa shi sai kai."

Ya kifa fuska a kan zaren. Na bar shi. Ladi ta leƙo daga madafa, ta koma.

Jarrabawarsu ta kusa, amma Malam Gambo ya ce wa Sale, "Tafi. Littafin da kake karantawa ma ya sa ka girmama uwa, jarrabawa za ta jira." Ladi ta ɗaure wa Inna garin masara da man ja. Muka biyo sawuna, Buba ya ƙetarar da mu, wannan karo da saniyarsa a gaba, yana ta yi mata Fillanci, bai kula mu ba.

Da muka shiga gida Inna na zaune bakin ɗaki. Sale ya durƙusa gabanta. Ta laluba kansa, ta laluba kunnuwansa, ta ce, "Ka rame. Matar taka ba ta iya tuwo ba?" Baffa Tanko ya tafi wurin liman yana cewa ba za a binne Musulma da saƙar Kirista ba. Liman ya ce masa, "Tanko, farin yadin kanti da aka binne mahaifinka da shi, ka san addinin wanda ya saƙa? Tufa tufa ce, a wanke." Baffa bai zo ya gaishe da Sale ba. Amma da aka rasa itacen kafa masaƙa, da safe muka tarar da shi jingine a dangarmu, kuma kowa ya san daga rumfar wa aka zare shi.

Sale ya kafa masaƙa a gindin gawon ƙofar gida. Inna ta sa aka kai mata tabarma kusa, ta wuni tana sauraron ƙoshiya tana kai da kawowa. Maganar addini ba ta tayar ba, sau ɗaya kawai na ji ta ce, "Wannan tsakaninka da Mai sama ne, ni na haife ka." Da ya sauke saƙar ya ɗinke, ya shimfiɗa mata a cinya. Ta bi ta da tafin hannu daga gefe zuwa gefe, a hankali, har yatsanta ya ci karo da wani abu.

"Wane sakarai ne ya yi ɗaurin dami a cikin zarena?"

"Na Yaya ne, Inna. Na so in kwance, na fasa. In kin ce a cire, yanzu sai in cire."

Ta riƙe ƙullin tsakanin yatsu, ta juya fuska wajen da nake tsaye, ko da yake ba ta gani na.

"Bar shi," in ji ta. "In tafi da hannunku duka biyu."

Ta naɗe likkafanin da kanta, ta sa a tukunya, ta rufe da faifai, ta ce a kawo mata fura.